Yadda Na Kai 'Yan Aji Biyar Ganin Hukuma

A makarantar firamaren da nake koyarwa, a wani gari na jihar Kebbi da ba zan ambaci sunansa ba saboda har yanzu a cikinsa nake zaune, hedimastanmu ya dawo daga wani taron ƙara wa juna sani da sabon ra'ayi. Ya tara mu a ofishinsa ya ce zamanin koya wa yara aikin hukuma da alli kaɗai ya wuce, dole ne a fita da su su ga sakatariyar ƙaramar hukuma da ofishin 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana da idanunsu. Kowa ya yaba, domin yabon shawarar hedimasta ba ya cin kuɗi. Da aka zo kan wanda zai jagoranci tafiyar, sai malamai suka shiga duban ƙasa, ni kuwa da nake koyar da darasin zamantakewa a aji biyar ba ni da wurin ɓuya.

Aka rubuta wa iyaye takarda, aka ɗauki hayar wata tsohuwar bas daga tasha, ni kuma na sa maiɗakina ta fito mini da farar shaddata ta sallah, tunda wanda zai shiga ofishin ciyaman bai kamata ya je da rigar da alli ya cinye ba.

Ciyaman dai ba mu same shi ba, an ce ya tafi Birnin Kebbi. Wani jami'i daga sashen mulki, mutum mai fara'a da natsuwa, shi ya karɓe mu ya shigar da mu zauren da kansiloli suke zama, inda yara suka yi ta rige-rigen hawa kujeru masu juyawa. Ya fara gwada su da tambayoyi, kuma wallahi ba su ba ni kunya ba. Suka faɗa masa cewa an cire jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato a shekarar 1991, tana da ƙananan hukumomi 21, Nijeriya kuma gaba ɗaya tana da 774. Monitan ajin ma har ya ƙara da masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, alhali ba a tambaye shi ba. Na gyara zaman hula. Jami'in ya bayyana musu cewa tsarin ƙananan hukumomi irin na yanzu ya samo asali ne daga gyaran da aka yi a 1976, kuma aikinsu ya haɗa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da ƙananan asibitoci da makarantun firamare, da bayar da takardar shaidar cewa mutum ɗan asalin wurin ne. Wani dattijon masinja da ke tsaye a bakin ƙofa ya kasa haƙuri ya sa baki, ya ce su da suka ga zamanin En'e, lokacin 'yan doka da haraji da jangali, su ne suka san hukuma, abin da ake yi yanzu wasan yara ne.

Sannan aka ba da damar tambaya. Wata yarinya mai zama a layin gaba, wadda nake alfahari da ita saboda ba ta manta duk abin da ya fito daga bakina, ta ɗaga hannu cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, ku ne kuke biyan malaman firamare?"

Jami'in ya ce daga kason ƙananan hukumomi ake fitar da albashinsu, saboda haka ana iya cewa da hannunsu a ciki.

"To, Malam ya ce ranar da ya haɗu da wanda yake riƙe masa kuɗin ƙarin girma, sai an raba su."

Zauren ya yi tsit, har kujerun suka daina juyawa. Na yi murmushi na ce yarinya ce, ba ta fahimci maganar ba, misali ne nake bayarwa a kan muhimmancin haƙuri. Aji gaba ɗaya suka amsa da murya guda, irin wadda na sha wahalar koya musu don karatun haddar jihohi: "Haka ka ce, Malam, har ka bugi tebur!" Jami'in bai yi fushi ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ya dai ciro biro daga aljihu ya nemi cikakken sunana da matakin albashina, ya ce zai duba maganar, kuma har yau ban san ko wane irin dubawa yake nufi ba.

Daga nan muka wuce ofishin 'yan sanda, ina tafe ina jan kunnen yara cewa duk wanda ya sake faɗar kalmar "Malam ya ce" zai koma gida a ƙasa. Babban jami'in wurin ya tarbe mu da kansa. Ya nuna musu kanta inda ake karɓar ƙara, da babban littafin da ake rubuta duk abin da ya shigo da lokacin da ya shigo, ya karanta musu takardar da ke manne a bango mai cewa beli kyauta ne, ya kuma sa suka haddace lambar kiran gaggawa, wato 112. Ya ce musu ɗan sanda abokin kowa ne, kada su riƙa gudu idan sun ga mai kaki. Yaran da iyayensu mata suka saba tsorata su da ɗan sanda suka saki jiki, har wani ya nuna ankwar da ke rataye a ƙugun wani kofur ya tambayi yadda take aiki.

Babban jami'in ya ce hannun yara ya yi ƙanƙanta, sai dai a gwada da babba. Ya dube ni, yara ma suka dube ni. Na miƙa hannuwana domin ilimi, kofur ya ɗana mini ita ta yi ƙaras, yara suka yi tafi da sowa. Aka yi bayani mai kyau a kan yadda haƙoran ankwa suke shiga gaba ba sa komawa baya, da yadda take ƙara matse mutum idan ya yi ta fizge-fizge. Da bayani ya ƙare aka ce a kwance, sai kofur ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, sannan ya tuna cewa makullin yana haɗe da na babur ɗinsa, babur ɗin kuwa abokin aikinsa ya ara ya tafi kasuwa raba wata rigima.

Aka ba ni benci a bakin kanta, wato daidai wurin da duk mai wucewa a titi zai hango mutum. Ina zaune hannuwa a haɗe, yara sun kewaye ni, biyu daga cikin 'yan matan sun fara kuka domin sun ɗauka abin ya zama gaske, sai ga wani ɗan kabu-kabu na unguwarmu ya sauke fasinja. Muka haɗa ido. Na buɗe baki zan yi masa bayani, na ɗaga hannuwan biyu don in kira shi, wanda hakan ya ƙara fito da ankwar fili, shi kuwa ya murza babur ko canjin fasinja bai tsaya bayarwa ba.

Wanda ya san garuruwanmu ya san labari ba ya jiran mota. Kafin mai makulli ya dawo, harabar ofishin ta cika. Iyayen yara suka zo a guje saboda an ce musu an kama malami da ɗalibansa, wasu kuma sun ji cewa na yi dambe da ciyaman a kan albashi, labarin da ya nuna mini masinjan nan ma bai zauna ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne surukina, dattijo mai mutunci wanda ko gaisuwa a durƙushe nake yi masa, ya shigo da babbar riga da takardar gonarsa a hannu domin ya tsaya mini beli.

"Wanga yaro, mi ka yi musu?"

"Baba, wallahi karatu ne muke yi."

Ya dubi hannuwana, ya dubi babban jami'in da ke ta rantsuwa yana dariya cewa ba ni da laifin komai, sannan ya ce shi a tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin karatun da ake yi da ankwa ba, amma tunda hukuma ta rufa asiri shi ma ba zai tona ba. Ya naɗe takardar gonarsa ya fita, yana roƙon Allah ya shirya.

Bayan an kwance ni, na so a soke sauran tafiyar, amma yara suka ce an yi musu alkawarin ganin jar mota. A wurin 'yan kwana-kwana kuwa, gaskiya, an yi karatu mai amfani, musamman da yake lokacin hunturu ne, lokacin da gobara ta fi cin kasuwanni da gidaje saboda bushewar kaya da iska da jin ɗumi da garwashi a ɗaki. Aka koya musu cewa wuta tana buƙatar abu uku, zafi da iska da abin da za ta ci, idan aka raba ta da ɗaya ta mutu. Aka gargaɗe su kada su zuba ruwa a wutar fetur ko ta man girki ko ta lantarki, su kuma bi ƙasa-ƙasa idan hayaƙi ya cika ɗaki domin sama yake tashi. Na tsaya can baya, nesa da mesar ruwa, domin na riga na san inda idon yara yake komawa idan aka ce ana neman mutum guda.

Nisan bai yi amfani ba. Da aka zo kan abin da mutum zai yi idan wuta ta kama rigarsa, wato ya tsaya cak kada ya ruga, ya kwanta ya yi ta birgima, jami'in ya ce mai babbar riga ne ya fi shiga wannan haɗari, kuma ni kaɗai ne mai babbar riga a wurin. Na yi birgima a jar ƙasa daga gindin motar har bakin magudanar ruwa, sannan aka ce in maimaita saboda na baya ba su gani ba.

Da wannan kamannin na shiga unguwa da la'asar, farar shadda ta koma ja, hula a hannu, wuyan hannuna da shatin ƙarfe. Duk wanda yake da sauran shakka a kan labarin ɗan kabu-kabu ya daina, domin ga shaida ta nuna cewa ba kamu kaɗai aka yi ba, har da duka. Maƙwabta suka yi ta shigowa jaje, wata tsohuwa ta aiko da man zafi, limamin unguwa ya ja ni gefe bayan sallar magariba ya yi mini nasiha a kan biyayya ga shugabanni.

Washegari na sa yara su rubuta insha'i a kan abin da suka koya. Kusan dukkansu sun kawo 1991 da 774 da 112 daidai, sun kuma tuna cewa ba a kashe wutar fetur da ruwa, saboda haka ba ni da hujjar rage musu maki, ko da yake yawancinsu sun sa wa insha'in taken "Ranar da Aka Kama Malam". Hedimasta ya karanta su ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a zango mai zuwa za a kai su gidan gyaran hali da asibiti. Na shaida masa a rubuce cewa malamin lissafi ya daɗe yana son a ba shi dama.