Yadda jan biro ke kashe labaran yaranmu a Maradi

Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na watan Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, wasu makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin matasa a nan Maradi suka shiga sa ɗalibai rubuta gajerun labarai da Hausa, har da ƴar gasa a ƙarshen zango. Wannan abin a yaba ne. Abin da ya ɓata mini rai shi ne wata takardar rabon maki da na ga malamai na tura wa juna ta WhatsApp, wadda wasu suka riga suka fara gyara aikin yara da ita. A cikin maki 20, an ba ƙa'idojin rubutu 10, an ba darasin da labari ke koyarwa 4, an ba tsaftar takarda da kyan hannu 3, sannan aka bar wa labarin kansa 3 kacal.

Duk wanda ya taɓa zama a bencin lakwal ya san inda wannan tunani ya samo asali. Ruhin dikte ne, wato shiftar da malami ke faɗa yara na rubutawa, mai dokar nan ta kuskure biyar sifili, wadda ta sa yara da yawa suka tashi da tsoron alƙalami. A dikte akwai amsa ɗaya tak, aikin malami kuwa shi ne ƙirga inda yaro ya kauce mata. Shi kuwa ƙagaggen labari, yaro ne ke samar da shi daga kansa, don haka tambayar farko da ta wajaba a kan mai gyara ita ce ko labarin ya riƙe shi har ƙarshe: wane ne tauraron, me yake nema, me ya tare masa hanya, kuma me ya canja kafin a rufe. Mai ƙirga ƙugiyar ɗ da ta ƙ ba ya da sukunin yin waɗannan tambayoyi, domin idonsa na kan haruffa.

Wani malami ɗan kwantaragi ya nuna mini takardu biyu daga ajinsa. Ta farko ta wata yarinya ce da ta ba da labarin mai tallar ƙuli-ƙuli wadda jikka biyu ta ɓace mata a tasha, ta yini tana kewaya unguwar Zariya saboda tsoron komawa gida, har ta kai ga tunanin cire kuɗi daga asusun ƙanenta. Da ta shiga gida bayan magariba, uwar ta tare ta a bakin zaure da cewa: "Ke ɗiyar nan, mi kinka yi da kuɗɗin?" Mai gyara, bisa bin takardar rabon maki, ya ja layi ƙarƙashin kalmomi uku, ya mayar da jimlar "me kika yi da kuɗin", ya zaftare maki uku. Yarinyar ta tashi da 8. Takarda ta biyu ta wani yaro ce mai kyan hannu, wanda ya rubuta cewa akwai wani yaro marar jin magana, iyayensa suka yi masa faɗa bai ji ba, ya faɗa rijiya, saboda haka mu riƙa jin maganar iyaye. Babu suna, babu gari, babu zancen da ya fito daga bakin kowa. Ya tashi da 16. Malamin da kansa ya ce labarin yarinyar ne ya karanta wa matarsa da dare, amma ba shi da ikon saɓa wa takardar rabon maki.

Maganar karin harshe ta fi komai ci mini tuwo a ƙwarya. Uwa a Maradi ko Tibiri ko Madarunfa ba ta magana kamar mai karanta labarai a gidan rediyon Kano, kuma yarinyar da ta kama muryar uwar yadda take ta nuna kunnen marubuci, abin da manya ke shekaru suna nema. Daidaitacciyar Hausa na da muhallinta a bakin mai ba da labari, amma zancen taurari mallakinsu ne. Sannan da wane ma'auni ake hukunta yaran? Ƙa'idar da hukuma ta tsayar a Nijar a 1999 tana amfani da harafin ƴ, alhali littattafan Kano da Zariya da yaranmu ke saye a babbar kasuwa, da rubutun da suke gani a Facebook, duk 'y suke sa wa. Galibin waɗannan yara da Faransanci aka koya musu karatu, domin makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973, ba su taɓa game ƙasa ba. Ba a koya wa yaro raba kalma da haɗe ta ba ko na awa ɗaya, amma an ɗora rabin makinsa a kanta. Wannan zalunci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Haka batun darasi. Mu Hausawa muna son labari mai ma'ana, amma kakanninmu da ke cewa "ga ta nan, ga ta nanku" ba su tsayawa su yi wa yara huɗuba bayan Gizo ya gama tsiyarsa, sukan ce ƙurunƙus, kowa ya kwana da abin da ya fahimta. Idan aka ware maki 4 don jimlar "wannan labari yana koya mana", to an sanar da yaro cewa hanya mafi sauƙi ita ce ya fara da wa'azi, ya nemo wani ɗan tsana ya jefa shi rijiya don wa'azin ya tabbata. A 1933, lokacin da Rupert East na hukumar fassara ta Zariya ya shirya gasar da ta haifar da ƙagaggun littattafan Hausa na farko a boko, babbar wahalarsa ita ce shawo kan malamai su yarda cewa ƙaga labari aiki ne da ya cancanci mai ilimi. Cikin waɗanda suka amsa kiran akwai Abubakar Imam, matashin malami a Katsina, mai shekara 22. Fiye da shekara 90 bayan haka, ga mu muna mayar da hannun agogo baya da jan biro.

Masu kare takardar suna cewa ita ce ke hana son kai, tun da kuskuren harafi kowa na iya ƙirga shi. Gaskiya ne, to amma wanda ya je sayen rago ya tsaya ƙirga gashinsa don ya fi sauƙin lissafi, bai san abin da ya kai shi kasuwa ba. Wasu kuma na cewa aji ya cika, malami ba shi da lokacin karanta labari sau biyu, sai ka ce farautar ƙugiya a kowane layi ba ta cin lokaci.

Gyaran ba shi da wuya. A raba makin gida biyu, ƙa'idar rubutu ta tsaya ita kaɗai da kaso kaɗan, sauran ya tafi ga ginin labari, taurari, zance da yadda aka rufe. Malami ya fara karanta labarin da biro a ajiye, in hali ya yi a sa yaro ya karanta shi a gaban aji, domin shirun ƴan aji ko surutunsu shaida ce da ba ta ƙarya. Maimakon lamba tsirara, a rubuta wa yaro jimla biyu a ƙasa, ɗaya kan inda labarin ya kama mai karatu, ɗaya kan inda ya sake shi, a ba shi dama ya sake rubutawa. Makarantar horon malamai ta Maradi da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo suna da mutanen da za su iya zama da marubutan garin nan su tsara wannan cikin mako guda, kuma ya kamata sufetocin ilimi su kira zaman kafin a shiga jarrabawar zango mai zuwa.