Dodon gindin mangwaro

Lokacin muna yara a gidan kakarmu a Zariya, dodo gida uku gare shi: cikin rijiya, bayan rumbu, sai masai in dare ya yi. Manya ne suka ajiye shi a can don kar mu leƙa rijiya, amma har muka girma ba wanda ya zo ya ce mana ya tashi. Ni dai in fitsari ya matse ni cikin dare gara in riƙe har asuba, kuma ba kullum nake kai asubar ba, tabarma ce shaida. Maganin tsorona ɗaya ne, Kaka ta karanta Falaƙi da Nasi ta tofa a tafin hannu ta shafe ni, ta rage lagwanin fitilar ƙwai amma ba ta kashewa, ni kuma in ƙanƙame bakin zaninta, shikenan sai barci.

To yanzu na zama uba, har da furfura a gemu. Daren jajibirin Babbar Sallah ɗana mai shekara 5 ya tashe ni wai zai zaga amma yana tsoron dodo. Na ce haba, namiji guda! Babu wani dodo, taso mu je. Fitarmu tsakar gida ke da wuya aka ɗauke wuta, waya kuma na baro ta a caji. Ina cikin yi masa lacca kan jarumta sai na hango wani farin abu a gindin mangwaro, yana motsi yana huci. Wallahi ban san sanda na saki hannun yaron ba, na zuba da gudu na yi ƙwallo da buta na taka kwanon wanke-wanke, takalmi ɗaya ya yi gabas, ina salati da ƙarfi har maƙwabta suna tambaya ta katanga ko ɓarayi ne.

Sai na ji muryarsa daga can cikin duhu, ko a jikinsa: "Baba, ragonka ne fa."

Ragon da ni na sayo da la'asar, ni na ɗaure shi da hannuna.

Uwargida ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa gogan ya biyo ni ɗaki ya ce in kwanta kar in ji tsoro, ya karanta Nasi ɗinsa da bai gama haddacewa ba, ya tofa min a fuska. Yawun ya fi addu'ar yawa, amma na shafa.