Ba kowane fitsarin jini ne tsargiya ba

Duk wanda ya tashi a Damagaram, ya yi wanka a tapki lokacin damina, ya san fitsarin jini. Ba mu ma ɗauke shi ciwo ba. Yaro zai gama fitsari, ɗigon ƙarshe ya fito ja, abokai su bushe da dariya, wani ya ce ai alamar balaga ce. Tsargiya ce, kuma ga yaro ɗan shekara 10 ko 12 galibi hakan ne. Abin da ke ci mini rai shi ne mun girma da wannan amsar, har ita muke ba dattijo ɗan shekara 55.

A Faransa, inda nake zaune, abin a juye yake. Babban mutum ya ce ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, tunanin likita na farko ciwon daji ne. Zai tambaye ka ko kana shan taba, don a nan ita ce ke jawo kusan rabin ciwon dajin mafitsara. Sai eko, wato hoton ciki da na'ura, sai a zura siririn bututu mai kyamara a leƙa cikin mafitsarar. Su ma suna da nasu makantar. Ɗanmu da ya zo daga gida da tsargiya yana iya shan maganin ciwon sanyi wata da watanni, don likitan unguwa bai taɓa ganin ta ba sai a littafi. Sun ɗan farka ne bayan da ta ɓulla a kogin Kabu na tsibirin Korsika, mallakin Faransa, a 2013. Matansu kuma sukan yi jinkirin gano ciwon dajin mafitsara, don da sun yi ƙorafi sai a ce sanyi ne.

Amma kuskurenmu ya fi tsada, domin tsargiyar kanta tana haifar da ciwon dajin. Tsutsar tana fitowa daga katantanwar ruwa, ta ratsa fata, ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwan da bai fita da fitsari ba sai ya maƙale a bangon mafitsara, wurin ya yi ta kumburi shekara ashirin, talatin, har naman ya sauya. Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi. A Masar, da tsargiya ta ja baya, nau'in ciwon dajin da take jawowa ma ya ragu. Ke nan mutumin Gidimuni ko Mirriya, a ƙasar Damagaram, da ya yi ƙuruciya a ruwa, ya yi girma a garka, shi ya fi cancanta a bincika shi da kyau, amma shi ake sallama da ƙwaya.

Ba na raina ƙwayar. Firazikwantel, ƙwayar tsargiya da aka fara rabawa a makarantun Nijar tun 2004, ana auna tsawon yaro da sanda a ba shi daidai jikinsa, ta ceci yara ba adadi. Sai dai tsutsa take kashewa, ba ta taɓa ciwon daji.

Wani kawuna yana da baƙar leda a ƙarƙashin shimfiɗarsa. Da ya zazzage ta a tabarma, ga kwalayen maganin tsargiya, ga na sanyi kala-kala daga masu tallar magani a kasuwa, ga ƙullin saiwa. Na ce, "Kawu, ka bari a kai ka a yi eko." Ya ce, "Ɗana, ai ya tsaya, tun kafin azumi ban gan shi ba." Nan ne tarkon yake. Jinin ciwon dajin mafitsara yana zuwa ba zafi, ya ɗauke makonni, mutum ya yi hamdala ya ce magani ya ci, alhali abin yana girma. Ga mata kuwa, kunya ta isa ta rufe maganar, ko a ce ragowar al'ada ce ko da uwar ta daɗe da dainawa.

Na san abin da za a ce mini: kana Turai kana ba da umarni. Gaskiya ne ba mu da kayan aikinsu, kuma gashin ciwon daji da na'ura sai Yamai, inda aka buɗe cibiyarsa a 2021, tafiyar kilomita kusan 900. Amma abin da nake roƙo bai kai nan ba. Majo, wato babban ma'aikacin jinya da ke asibitin ƙauye, ya tambayi shekaru, ya tambaya ko jinin a ƙarshe yake zuwa ko gauraye da fitsarin duka, ko da guda-guda, ko da wani farin abu. In mutum ya wuce arba'in, ya sha ƙwaya jinin ya dawo, kada a sake ba shi ita. A rubuta masa takarda zuwa babban asibitin Damagaram, wurin likitan mafitsara. Mu kuma da ke aiko da kuɗi gida, in an ce mana baba yana fitsarin jini, mu ce na mota da na eko ne, kuma mu nemi a turo mana hoton sakamakon.