Na biya dubu 25 aka ɓata mini sanda, aka kuma bi ni da baƙar magana

Tun ranar Talata nake ƙoƙarin haɗiye wannan magana, ta ƙi haɗiyuwa.

Sandar golf guda nake ji da ita, direba, wato sandar bugun nesa, ƙirar TaylorMade, ta hannu ce ma, ƙanena ya kawo mini daga Ingila. Robar mariƙinta ta suɗe, da gumi ya keto sai ta riƙa zame mini. Na ɗauke ta na kai wani shagon kayan wasanni a nan cikin Katsina, wanda ya rubuta a allonsa cewa yana gyara. Kafin in miƙa ta sai da na jawo benci na zauna na yi wa yaron shagon bayani dalla-dalla.

Na nuna masa wuyan sandar, inda kara ke shiga kai. Na ce wannan ba a liƙe yake ba irin na da, sukuru ɗaya ne ke riƙe da shi ta ƙasa. Ka kwance da 'yar sifanarta, ka zare kan, ka juya karan, ka mayar, ka ɗaure har sifanar ta yi ƙas. Matakai 12 gare shi, kowanne yana juya karan digiri 30, da su ake ɗaga fuskar sandar ko a kwantar da ita har digiri 2. Da hunturu, iska na bugo ka ta gaba, nakan rage don ƙwallon ta tafi ƙasa-ƙasa. Da damina fili ya jiƙe ba ta gangarawa, sai in ƙara. To amma in kara ya juya, robar da ke manne a jikinsa ma ta juya. Don haka roba zagayayya nake so, wadda ko ta ina ka kama ɗaya ce, ba mai jijiyar nan da ke kwance ta ƙasa tana nuna wa yatsu wurin zama ba. Har sunan irinta na faɗa masa, Tour Velvet 360 ta kamfanin Golf Pride, da aka yi musamman don irin wannan wuya. Sau uku na maimaita. Ya ce, "An gama, Baba."

Da na karɓo na je fili na rage mataki uku, na kama, sai na ji jijiya a gefe tana tokare mini tafin hannu. Mai jijiyar ya sa. In na bi jijiyar fuskar sanda ta karkace, in na daidaita fuska hannuna ya rasa wurin zama. Na duba da kyau, sai ga tsagi dogo a jikin karan, inda ya ja reza miƙe lokacin cire tsohuwar. Karan girafait ne, zare-zare ne aka naɗe aka ƙanƙame, in wuƙa ta ci shi daga nan yake karyewa wata rana. Shi ya sa ake yanka robar da wuƙa mai ƙugiya.

Na koma. Na yi sallama, yana danna waya, sai a ta biyu ya amsa, bai ɗago ba. Na ce, "Ɗana, ba wannan na ce ka sa ba." Ya miƙo hannu ɗaya ya karɓa, ya jujjuya, ya ce, "To mi ya same ta? Ba ga ta sabuwa fil ba?" Na sake bayanin tun daga farko, a gaban mutum biyu da suka zo sayen rigar ƙwallo. Ya ce wani Alhaji ya kawo tasa ya sa masa irin wannan, bai dawo da ƙorafi ba. Na ce wace iri ce tasa? Domin in ƙirar Callaway ce, zobba biyu ne a wuyanta, su ke juyawa, karan yana tsaye inda yake, jijiya ba za ta gusa ba. Tawa ba haka take ba. Ya ce, "Baba, sanda ai sanda ce." Na nuna masa tsagin. Ya tofa yawu a yatsa ya goga, ya ce da shi na kawo ta. Na ce ya ji tsoron Allah. Nan ya ajiye wayar, karon farko ke nan da ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Dattijo, mutane na neman na garin tuwo kai ka zo ka tsaya mana a kai saboda roba? In ba ka da ƙarfin wasan masu kuɗi ka bar masu abinsu."

Mutum biyun nan suka yi dariya. Yaron nan na haifi wanda ya girme shi.

Ni ba mai kuɗi ba ne. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, fanshona bai kai ni ƙarshen wata. Likita ne ya ce in riƙa tafiya saboda hawan jini, na sami wasan da ke sa ni takawa da safe. Ko da ma mai kuɗin ne, kuɗinsa halal ne a ci a ɓata masa kaya? Wannan hali na gani wurin makaniki, na gani wurin mai gyaran firji, na gani wurin mai wayarin. Ba wanda ke iya buɗe baki ya ce ban iya ba. A karɓi kuɗi, a koyi aiki a kan kayanka, in ka yi magana kai ne mai fitina.

Kuma abin ba sabo ba ne. Tun 2008 hukumomin dokar golf suka yarda da sanduna masu juyawa, a 2009 TaylorMade ta fito da direbanta mai juyawa, R9. Bayanin yana cikin wayar da yaron ke dannawa dare da rana. Amma wa ya koya masa cewa sana'a ilimi ce? Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowacce ta tara matasa ta raba takardar shaidar koyon sana'a ta kwana biyar a gaban kyamara, makarantun fasaha kuwa injinansu na tsatsa. Ba hukumar da za ka kai wa kuka a saurare ka ba tare da ka san wani ba. Garin da tun zamanin Sarki Dikko ake folo, dukawa na ɗinka sirdi da linzami, doki ya yi gudu abin bai motsa ba, yau an rasa mai manna roba daidai.

Tun da aka saki naira a 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500, sabon kara ya fi ƙarfina. Dole in shiga mota zuwa Kano, da kuɗin mai na yanzu, in nemi wanda zai yanke robar da na biya dubu 25 in sake sayen wata. Tsagin kuwa ba mai ɗinke shi. Sandar tana jingine bayan ƙofar ɗakina, tun Talata ban iya ɗaukarta ba.