Tsibiran Kanari: wa zai ɗaga tsohon Bature idan ya faɗi a banɗaki?

Tun da Firaministan Sifaniya, Pedro Sánchez, ya ce a watan Janairun 2025 yana so a ɗora harajin da zai iya ninka kuɗin gida ga duk mai sayen da ba ɗan Tarayyar Turai ba ne kuma ba mazaunin ƙasar ba, jaridun Birtaniya suka ɗora hannu a ka. Wai za a hana tsofaffinsu cika burin da suka yi shekara arba'in suna tara wa kuɗi: ɗan gida a bakin teku, a yi ta shan hantsi har rai ya yi halinsa. A lokacin maganar ba ta wuce fatar baki ba, amma kukan ya karaɗe ko'ina. Bayan wata biyu gwamnatin ta fitar da doka a kan wasu baƙin daban, wato yara fiye da 5,000, galibinsu 'yan Afirka ta Yamma, da suka iso tsibiran Kanari, yankin Sifaniya da ke cikin teku daura da gaɓar Maroko, cikin kwale-kwale ba uwa ba uba. Dokar ta ce a rarraba wasu daga cikinsu zuwa sauran yankunan ƙasar. Nan take yankunan da jam'iyyar adawa ta PP ke mulki suka garzaya kotun tsarin mulki, kowa na rantsuwa ba shi da wuri.

Lissafin da ke ƙarƙashin hayaniyar nan biyu shi ke ba ni haushi. An ɗauka, ba tare da an tsaya dubawa ba, cewa tsohon Bature mai fansho riba ce tsantsa ga tsibiri, yaron Mali ko Senegal kuwa kaya ne da aka jibga wa mutane. Dillalan gidaje suna faɗa, 'yan siyasa suna maimaitawa, har wasu daga cikinmu sun haddace. Lissafin banza ne, domin an yi shi a kan mutum mai shekara 65, an manta cewa in Allah Ya ja kwana zai kai 85.

Mu fara da wanda ya cika wurin. Mutanen tsibiran gaba ɗaya kimanin miliyan 2.2 ne. A 2024 'yan yawon buɗe ido daga ƙasashen waje fiye da miliyan 15 suka sauka a can. A shekarar dai mutum 46,843 suka iso ta kwale-kwale, kuma manya daga cikinsu akasari ba sa daɗewa ake wucewa da su babban yankin Sifaniya. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙin haure ta Caminando Fronteras ta ƙirga mutum 9,757 da teku ya cinye a wannan hanya a shekarar, waɗanda ba su nemi ko tabarmar kwana a wurin kowa ba. Da dubun-dubatar mutanen Kanari suka fito zanga-zanga ranar 20 ga Afrilun 2024 suna cewa tsibiransu na da iyaka, abin da ke bakinsu kuɗin haya ne, da ƙarancin ruwa, da manyan otal-otal da ake kafawa a sauran gaɓar da ta rage, irin na La Tejita da aikin Cuna del Alma a kudancin tsibirin Tenerife. Har yajin cin abinci wasu suka yi a La Laguna. Jam'iyyar Vox mai ƙin baƙin haure ta ji duk wannan ta ci gaba da nuna kwale-kwale da yatsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Yadda gidan ke tafiya ba wani sirri ba ne. Dattijo ya sayar da gidansa a Manchester ko Hamburg, ya zo garin Arona ko Adeje a Tenerife da kuɗin a hannu. Mai gyaran ɗaki a otal, wadda albashin yankinta na cikin mafi ƙanƙanta a Sifaniya, da me za ta yi tayi? Kusan gida ɗaya cikin huɗu da ake sayarwa a tsibiran baƙo ne ke saye. Da yawa kuma wata huɗu ko biyar na hunturu kawai suke zama, sauran shekara a saka gidan a Airbnb, shafin ba masu hutu hayar gida, a maƙala akwatin makulli mai lamba a ƙofa. Shi ya sa za a ga ma'aikacin otal mai cikakken albashi yana kwana a mota. Yankin da yawon buɗe ido ke ba shi kusan kashi 35 cikin 100 na arzikinsa, kusan mutum ɗaya cikin uku a cikinsa na gab da talauci. Tenerife kuma ta shiga dokar ta-ɓaci kan ruwa a 2024, alhali wuraren ninƙaya na otal a cike suke.

Amma ba gidan ne ya fi damuna ba, don kowa ya riga ya yi magana a kai. Tsufan ne ba a son tattaunawa.

Garin Los Cristianos na Tenerife ya isa misali. Ƙauyen masunta ne har ƙarshen shekarun 1950, lokacin da wasu 'yan Suwidin masu fama da ciwon gaɓoɓi da na jijiya suka gano cewa ɗumin wurin na yi musu sauƙi. Tun asali, kenan, marasa lafiya da tsofaffi wurin ya fara ja. Yau titin bakin tekun cike yake da kekunan batir na masu wahalar tafiya, har shagunan hayarsu ake da su. Ma'aurata sukan iso da ƙarfinsu. Suna da mashayar da ake jin yarensu, da likitan kuɗi mai jin yarensu, da jaridar yarensu. Shekara ashirin za su yi, Sifaniyancinsu bai wuce na gaisuwa da sayen shayi ba, domin babu abin da ya tilasta musu. Sai wata rana mijin ya rasu, shi ne kuma mai tuƙi, shi ne mai zuwa banki. Abokan da suka zo tare, wasu sun mutu, wasu sun koma. Ɗakin dama da na hagu masu hutu ne da ke canjawa duk mako, babu wanda zai lura tagar ba ta buɗe ba kwana uku. Matar ta zame a banɗaki, ƙugu ya karye. A asibitin gwamnati ana neman tafinta kafin ta iya faɗin inda ke mata ciwo. In ciwon mantuwa ya shigo, ɗan yaren da ta tsinta shi ne farkon tafiya. 'Ya'ya suna nisan awa huɗu a jirgi, da aikinsu da nasu 'ya'yan. Komawa gida fa? An sayar da gidan tun tuni, kuma kuɗin ɗan ɗakin Tenerife ba zai maido da shi ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Za a ce ai ƙasarsu ke biyan kuɗin asibitinsu, kamar yadda Birtaniya ke biyan Sifaniya na masu fanshonta da suka yi rajista. Gaskiya ne, sai dai kuɗi ba ya juya mara lafiya a gado, ba ya canza masa zanen da ya jiƙe da tsakar dare. Hannu ke yi. Sa'annan da yawa ba sa ma rubuta sunansu a rajistar ƙaramar hukuma, alhali da yawan mutanen da ke rajistar ake yanka wa gari kasonsa na kuɗin gwamnati. Suna cikin layin asibiti, ba sa cikin ƙidaya.

To hannun wa? Tsibiran Kanari su ne mafi ƙarancin haihuwa a duk Sifaniya, matsakaicin abin da mace ke haifa bai kai ɗa ɗaya ba. Matasan da suka yi karatu suna ficewa Madrid ko Jamus saboda haya ta fi ƙarfinsu. Su kansu tsofaffin 'yan ƙasa suna cikin waɗanda suka fi daɗewa a layi kafin su sami tallafin dokar kula da gajiyayyu ta 2006, har wasu kan mutu takardarsu ba ta fito ba, gidajen kula da tsofaffi kuma ba su wadatar ba. Waɗanda ke riƙe da aikin jinya a gidaje yanzu mata ne 'yan Benezuwela da Kolombiya da Kyuba, da dama ba takarda, ba hutu, a ɗakin bayan kicin. Tsibiri ya dage yana shigo da tsofaffi, ya kori samarinsa da tsadar haya, sa'annan ya kalli saurayi ɗan shekara 19 da ya ƙetare kilomita kusan 1,500 daga Senegal ya ce masa ba a buƙatarsa. Wannan wane irin tsari ne?

Dokar shige da fice ma haka ta karkata. Ɗan Birtaniya mai son zama tun bayan ficewar ƙasarsa daga Tarayyar Turai yana da biza ta musamman: ya nuna yana samun kimanin yuro 2,400 a wata, ya kuma yi alkawarin ba zai yi aiki ba. A ba shi zama saboda ba zai taɓuka komai ba. Wanda ya zo da ƙarfinsa yana roƙon aiki, in ya wuce shekara 18 kuma ba a ba shi mafaka ba, sai ya yi shekara biyu a ɓoye kafin ya nemi takarda, kuma wannan ma sassauci ne da aka yi a Mayun 2025, da can shekara uku ce. A cikin shekarun nan biyu yana gonar ayaba ko tumatir ko bayan kicin, ana biyansa abin da aka ga dama, ba ya zuba ko sisi a asusun fanshon da kowa ke kuka zai ƙafe.

Wanda ke son ganin abin a wuri ɗaya ya duba Arguineguín a kudancin tsibirin Gran Canaria. Garin da 'yan Norway suka mayar gidansu na hunturu ne, da cocinsu da makarantarsu. A Nuwamban 2020, a tashar jirgin ruwan garin, mutum fiye da 2,000 aka tara suna kwana a kan siminti, ba wurin wanka, ba wurin juyawa. Tafiyar 'yan mintuna ce tsakanin baƙin nan biyu.

Kada a ce ina zagin tsofaffi. Neman ɗumi ga mai ciwon gwiwa ba laifi ba ne, kuma masu rubuta wa baƙi "ku koma gida" a bango ba su warware komai ba. Bahaushe ma ya san tsufa a ƙasar wani. Kakanninmu sun tsufa a zangon Kumasi da Accra da garuruwan Sudan a hanyar Makka. Sai dai sun yi aure a can, sun haifa a can, sun ji yaren gari, sun yi sarkin zango da maƙabarta, saboda haka ranar da ƙarfi ya ƙare akwai jika mai miƙo buta. Zaman da aka saya daga dillali ba ya zuwa da jika.

Kuma su mutanen Kanari bai kamata sai an yi musu tuni ba. A shekarun 1940 zuwa farkon 1950, yunwa da mulkin kama-karya na Janar Franco sun sa dubbansu sun tsallaka teku a ɓoye cikin jiragen kamun kifi zuwa Benezuwela. Jirgin Telémaco kaɗai, da ya tashi daga tsibirin La Gomera a 1950, mutum 171 ya kwasa, suka sha guguwa da ƙishirwa kafin su isa. Har yau Benezuwela tsibiri na takwas suke ce mata. A gaskiya talakawansu ba su manta ba: mutanen tsibirin El Hierro, da yawansu kusan 12,000 ne kacal, su ke fitowa tashar La Restinga da bargo da ruwa, su ke raka gawar wanda ba su san sunansa ba zuwa kabari. Masu mantuwar suna majalisa.

Mafita ba ta buƙatar dogon nazari. Duk wanda zai zauna ya shiga rajista ya biya haraji a inda yake kwana. A taƙaita sayen gida ga wanda ba zai zauna ciki ba, kamar yadda shugaban gwamnatin tsibiran, Fernando Clavijo, ke roƙon Tarayyar Turai ta ba da dama, ko da yake shi ma roƙon ya fi aikin yawa. Yaran nan da ake ta tura wa juna, a koya musu yare da aikin jinya da gini da gyaran famfo, a ba su takarda kafin su watse. A kuma karɓi kuɗi na gaske daga mutum miliyan 15 ɗin nan a gina gidajen tsofaffi da na ma'aikata. Tsibiran Baliyar da yankin Kataloniya sun daɗe suna karɓar harajin kwana daga masu yawon buɗe ido, gwamnatin Kanari ta ƙi, don kada ran masu otal ya ɓaci. Ƙaramar hukumar Mogán, wadda Arguineguín ke cikinta, ita ce ta yi ta maza ta saka nata a 2025: santi 15 na yuro a kan kowane mutum a rana. Ko wannan ɗin sai da masu otal suka kai ta kotu.