Su Baba na Karo har yanzu suna nan a gidajenmu

Na karanta labarin nan naku na cewa ɗalibai ba sa son shiga fannin nazarin al'adun ɗan Adam a jami'a, wai babu aikin yi a cikinsa. To, ban ga laifinsu sosai ba, cikin da ba tuwo ba ya jin karatu. Amma abin na ci mini tuwo a ƙwarya.

Ku duba fa, tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiyar Ingila, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, tana rubuta labarin rayuwarta: aure, kishiya, ƙawance, bori, harin bayi. Littafin ya fito a 1954, har gobe ana karanta shi a jami'o'in waje. Joseph Greenberg ma, wani masanin harsuna da al'adu, daga Amurka ya taso ya zauna cikin Maguzawan Kano. Mu da muke da kayan, mun bar wa baƙi.

Kakata ta rasu bara. Har ta tsufa tana kaɗi, mazari a hannu, tana shafa alli a yatsu, tana rera waƙoƙin da ko mahaifiyata ba ta iya ba. Wallahi ko sau ɗaya ban kunna waya na ɗauke ta ba, kullum sai in ce gobe.

Malaman jami'a, don Allah ku riƙa tura ɗalibai ƙauye su kwana, su ci tuwon dawa, su saurari tsofaffi, maimakon raba takardar tambayoyi a bakin ƙofar makaranta. Kuma a rubuta da Hausa.