Dillalin mota mai jarabar tsere: ni dai a wurinsa zan saya

Akwai mutumin da ake yi wa kallon almubazzari, ni kuwa ban yarda ba. Dillalin motoci ne a ƙaramin gari. Duk mako yana fama da masu taya mota, da masu zuwa su shuri taya su tafi ba su ce komai ba. Ranar hutu kuma sai ya ɗora wata tsohuwar mota a tirela ya nufi filin tsere. Iyali na ƙorafi, akawunsa na ƙorafi, shi ko a jikinsa.

Ku duba yadda sana'ar take tukuna. Dillalin birni in ya sayar maka da mota mai ciwo, kun rabu ke nan, mutane sun yi yawa. Na karkara ba shi da wannan mafaka. Wanda ya saya jiya zai wuce ta ƙofarsa gobe, in giyar motar ta fara ƙara kafin wata ya cika, duk gari sai ya ji. Jarinsa na gaskiya sunansa ne, kuma sunan ba ya tsayawa sai ya san cikin mota fiye da fentinta.

To ina ake koyon cikin mota kamar filin tsere? A can ne mutum zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse, saboda zafi ya tafasa man birkin. A can ne baƙin mai ke gudu gefe guda a doguwar kwana, famfo ya zuƙi iska, inji ya buga cikin daƙiƙu. Wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin mota da fitila a baki yana neman dalilin irin wannan, ba a yi masa rufa-rufa. A tayar da inji kawai, kunnensa zai gaya masa abin da mai motar ya ɓoye.

Dillalan Amurka suna da wata magana, wai a ci tsere Lahadi a sayar da mota Litinin. Ni ina ganin hujja ce kawai da suke kai wa matansu. Jarabar ce a gaba, ciniki na biye. Enzo Ferrari dillalin motocin Alfa Romeo ne a Modena ta Italiya kafin ya kafa ƙungiyar tserensa a 1929, kuma ko bayan da mota mai sunansa ta fito a 1947, sananne ne cewa yana sayar da motocin titi ne don ya samu kuɗin tsere. Rick Hendrick ya karɓi shagon Chevrolet da ke tangal-tangal a Bennettsville, wani ƙaramin gari a Karolina ta Kudu, a 1976. Shekara 8 bayan nan ya kafa ƙungiyar da ta zama gagara-badau a NASCAR, babbar gasar tseren motoci ta Amurka.

Amma wanda ya fi taɓa min zuciya Juan Manuel Fangio ne, bakanike daga Balcarce ta Ajantina. Mutanen garinsu ne suka yi karo-karo aka saya masa Chevrolet. A 1940 ya ci tseren Buenos Aires zuwa Lima da dawowa, tafiyar sama da kilomita 9,000 ta cikin duwatsu, yana gyara motarsa da hannunsa. Ya zama zakaran duniya sau 5 a Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, ba wanda ya wuce shi sai direban Jamus Michael Schumacher a 2003. Da ya ajiye sitiyari, harkar sayar da Mercedes-Benz ya riƙe a ƙasarsu.

Na sani, waɗannan su ne suka dace. Yawancin masu wannan jaraba ba abin da suke kawowa gida sai ƙonannen kuloci da tayoyin da suka cinye a kwana biyu. Wannan bai dame ni ba, ribar dillalin nan ce, ya ƙona abarsa. Inda nake rabuwa da shi wuri ɗaya ne: ranar da kafin alƙalamin da mai saye ya ajiye ya koma kuɗin sabon inji na motar tsere. Na taɓa jiran mota wata uku a kan haka, kullum ana ce min tana hanya, alhali ina jin rugugin wancan injin a bayan gareji.

Duk da haka, da na tashi canza mota wurinsa na koma. Ya zagaya wadda na nuna, ya saurari injin, ya girgiza kai ya ce in bar ta. Wannan karon dai sai da makulli ya shiga hannuna na biya.